Jajayen Maɓallan Ƙarfe Sha Ɗaya

Baba Almakashi ya shekara talatin da huɗu yana yanka yadi a shagon ɗinkin da ke kusurwar layi, jikin ƙaramin asibitin unguwa. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa, har matarsa ma sai ta ɗan yi shiru kafin ta tuno shi. Aikin shagon a tsare yake. Maigida, ɗan marigayin da ya kafa wurin, shi ke riƙe da tef, ya auna mutum ya faɗi lamba. Baba ya rubuta a littafi, ya zana da alli, ya yanka. Masu keken ɗinki biyu da ke ɗakin baya su ɗinka. Haka ake yi tun Maigida bai kai tsayin teburin yanka ba, lokacin da ubansa ne ke riƙe da tef ɗin.

Sai ga shi cikin wata uku wanduna sun fara dawowa. Ba tsawo ba ne, ba ƙafa ba ce, kullum ƙugu ne. Mutum zai karɓi wandonsa yana murmushi, kwana biyu ya dawo da shi a leda fuska a murtuke, ya ce wandon ya ƙi haɗuwa. Wani direban babbar mota ya rantse sai da ya kwanta rigingine, matarsa ta danne masa ciki da gwiwa, sannan maɓalli ya shiga, da ya miƙe kuwa maɓallin ya tashi ya fasa kofin shayi.

Ranar Talata Maigida ya tsaya a bakin teburin yanka yana numfashi sama-sama, domin shi ma sabon wando ne a jikinsa, kuma yankan Baba ne.

"Baba, wallahi ina jin nauyinka," in ji shi. "Kai ka goya ni a kafaɗa. Amma dubi yadda nake magana kamar wanda aka ɗaure da igiya. Idanunka sun gaji. Daga ranar Asabar ka bar almakashin nan, zan nemo wani. Kai ka koma wajen guga, ka huta."

"Guga ce hutu, Maigida?"

"To, sa maɓalli."

Baba ya dubi almakashinsa mai baƙin mariƙi, wanda ya yi wa babban yatsansa kanta tun kafin a haifi rabin mutanen layin. Ya san in ya ajiye shi ranar Asabar, ya ajiye ke nan.

Abu ɗaya ya rage masa, shi ne littafinsa. Baba mutum ne mai rubuta komai. Tun ranar da wasu mutum biyu suka kusa dambe a kan wa ya riga wani zuwa, ya ɗauki ɗabi'ar duban agogon bango ya rubuta lokaci a gefen kowane awo. Yana rubuta rana, da irin yadi, da sana'ar mutum, har da abin da bai shafi kowa ba: "yana tari," "ya zo da surukinsa," "ya taka mini alli." In wando ya dawo kuma sai ya koma shafinsa ya rubuta a ƙasa, "ya dawo, ya matse."

Ranar Laraba ya tafi da littafin gida, ya zauna a tsakar gida da la'asar yana karantawa. Ya karanta shafi na farko ya riƙe shi a ka. Ya karanta na biyu. Kafin ya kai na biyar na farko ya zube. Ya koma baya ya ɗauko shi, na huɗu ya faɗi. Ya sa yatsa a wani shafi, ya sa wani yatsan a wani, har yatsu goma suka ƙare, ya fara tunanin sa haɓa.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda ta shekara talatin tana koyar da ƙananan yara lissafi kafin ta yi ritaya, tana zaune gefe tana tsince wake tana kallonsa.

"Malam, littafin ne ya kama ka ko kai ka kama shi?"

"Amsar tana ciki, Malama. Na san tana ciki. Ni na rubuta komai da hannuna."

"Wando nawa ne?"

"Ɗari da arba'in. Ashirin da shida sun dawo."

"Kuma kana so ka ɗauki ɗari da arba'in a kai lokaci ɗaya." Ta ajiye tiren waken. "Miƙo hannunka."

Ya miƙo. Ta ɗora masa lemo ɗaya daga kwandon da ke kusa da ita, ta ƙara na biyu, na uku, na huɗu. A na biyar ya fara tarewa da ƙirji. A na bakwai biyu suka gangara ƙarƙashin kujera.

"To haka kan mutum yake," ta ce a hankali, da muryar da take yi wa 'yan aji ɗaya. "Ba tsufa ba ne. Ko na yaro ne haka yake, ɗan wuri ne da shi. In kana so ka yi tunani a kan abu mai yawa, sai ka sauke shi ƙasa inda ido zai riƙe maka. Gobe zan bi ka shago. Akwai maɓallai?"

"Gwangwani uku."

"Sun isa. Ka tsinto mini lemona."

Da safe ƙarfe tara Malama ta shiga shagon da jakarta a hammata. Maigida ya gaishe ta da ladabi, ya yi niyyar durƙusawa, wandon ya hana.

"Mama, lafiya dai?"

"Lafiya lau, ɗana. Aron teburinka na zo yi na awa biyu. In ban sami komai ba, ni da kaina zan kai shi wajen dutsen guga."

Ta sa aka kwashe yadi daga dogon teburin yanka. Ta zazzage gwangwanaye, ta ware farare gefe, jajaye gefe. Kowane wando maɓalli ɗaya: wanda ya zauna lafiya fari, wanda ya dawo ja. Maigida ya tsaya yana kallo, sai abin ya ba shi sha'awa.

"Ai na gane! Mama, bari in taƙaita miki wahala." Ya karɓi alli ya ja layi a tsakiyar tebur. A gefe ɗaya ya rubuta "Baba," a ɗaya gefen "Wasu." Ya tattara jajayen maɓallai ashirin da shida ya tula su ƙarƙashin "Baba." Ɗaya gefen ya bar shi wayam. Ya ja da baya ya buɗe hannuwa. "Ga shi nan ƙuru-ƙuru. Duk wandon da ya dawo, Baba ne ya yanka shi. Ido ba ya ƙarya."

Baba ya dubi teburin. Tulin ja ne, a ƙarƙashin sunansa, kamar an kama shi da kayan sata. Shi kansa sai da ya ji ya yarda.

"Ya yi kyau," in ji Malama. "Saura farare. Su wa ya yanka?"

Maigida ya sosa ƙeya. "Baba."

"To zuba su."

Ya zuba. Farare ɗari da goma sha huɗu suka binne jajayen har ba a ganinsu.

"Ka ga, ɗana, ido ba ya ƙarya, amma abin da ka ajiye masa shi yake gani. In ka ɓoye masa rabi, sai ya rantse a kan rabin da ka bar masa. Goge mana mu sake."

Suka sake. Wannan karon Malama ta ja layi shida, Litinin zuwa Asabar. Baba na karantawa daga littafi, ita tana jerawa, kowane maɓalli a saman ɗan'uwansa, tazara daidai. Da suka gama, kowace rana da 'yan jajayenta huɗu ko biyar, a warwatse kamar an watsa wa kaji tsaba.

"Babu komai," in ji Baba, murya a sanyaye.

"Akwai. Yanzu mun san ba laifin Talata ba ne. Da a littafi ne, sai ka kwana uku kafin ka wanke Talata."

Suka jera bisa irin yadi. Babu komai. Suka jera bisa wanda ya ɗinka cikin masu keke biyu, waɗanda suka leƙo daga ɗakin baya kowa na addu'ar tulin ya faɗa kan ɗan'uwansa. Ya rabu kusan daidai, suka koma ciki ba su ji daɗi ba. Ana cikin haka Baba ya yi atishawa, maɓallai tara suka tashi sama, aka ɓata minti biyar ana rarrafe a ƙarƙashin tebur, ban da Maigida, wanda ya tsaya yana nunawa da ƙafa.

Wajen goma da rabi sai ga direban nan da maɓallinsa ya fasa kofi, ya zo a sake auna shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ga dattawa biyu sun sunkuya kan tebur suna jera ja da fari cikin layukan alli.

"A'a! Baba, ɗinkin ne ya ƙi kuka koma duba? To a duba mini, matata za ta haƙura da zancen kofin nan?"

"Zauna, Direba," in ji Malama ba ta ko ɗago ba. "Malam, me kuma kake rubutawa a littafin nan da ba mu taɓa ba?"

"Sai lokaci. Amma wannan don masu rigimar layi ne kawai."

"Karanto."

Ta goge tebur da tsumma, ta ja layuka tara, daga ƙarfe tara na safe zuwa biyar na yamma. Baba ya fara: "Goma saura kwata, fari. Uku da rabi, fari. Sha ɗaya da minti goma, ja. Biyu daidai, fari. Sha ɗaya da kwata, ja." Yana karantawa ido a kan littafi, don haka shi ne na ƙarshen gani. Abin da ya fara lura da shi shi ne shagon ya yi tsit. Kekunan ɗakin baya sun tsaya. Da ya ɗago kai sai ya ga kowa ya zuba wa wuri ɗaya ido.

A layin ƙarfe sha ɗaya jajayen maɓallai sun hau kan juna sun yi tsiri, sun tasar wa bakin tebur. Sauran layukan fari fat, sai ja uku da suka ɓace can cikin yamma.

Baba bai ƙirga ba. Bai ma yi tunani ba tukuna. Abin ya shigo masa ta ido gaba ɗaya, kafin ya buɗe baki. Wata uku yana ɗauke da wannan a aljihu, jiya ya karanta shi har sau uku, ga shi yanzu direban da bai taɓa buɗe littafin ba ya miƙa yatsa yana cewa, "Kai! Me ke faruwa da ƙarfe sha ɗaya?"

"Ka ji tambaya," in ji Malama. "Da muna tambayar wa ya yi. Yanzu muna tambayar me ke faruwa. Teburin ya kawo mu bakin ƙofa, amma ba zai faɗa mana abin da ke ciki ba. Wannan aikinmu ne."

Kowa ya kawo tasa. Maigida ya ce wataƙila lokacin ne idon Baba ke gajiya. Baba ya ce ai shi ba ya yanka sai bayan azahar, sha ɗaya lokacin awo ne, awo kuwa a hannun wani yake. Maigida ya yi tari. Ɗaya mai keken ya ce zafi ne ke sa tef ya miƙe. Ɗayan ya ce to ƙarfe biyu sanyi ake yi? Direba ya ce shi dai a ganinsa a nemo mai addu'a. Duk suna magana yatsunsu na kan tebur, kowa na nuna abin da yake nufi, kuma karon farko cikin wata uku ana gardama a shagon ba wanda ya ɗaga murya.

Baba ne ya sunkuya kan layin ya lura da farare bakwai da ke tsakiyar jajayen. Ya koma littafi ya nemo su ɗaya bayan ɗaya.

"Mai gyaran agogo. Malamin makarantar dare. Ɗan sandan nan dogo." Ya ɗago a hankali. "Malama, duk sirara ne. Ba mai tumbi ko ɗaya."

"Jajayen fa?"

Baba ya dubi Direba. Ya dubi Maigida. Ya mai da idonsa kan littafi don kunya.

"Saura minti biyar sha ɗaya," in ji Malama tana kallon agogon bango. "Ɗana, auna mana Direba yanzu."

Maigida ya zagaya tef. "Arba'in da huɗu."

"Bar tef ɗin a jikinsa. Kowa ya yi shiru."

Suka tsaya. Direba hannuwa a sama, tumbi a sake, yana zare ido. Agogo ya buga sha ɗaya. Minti biyu bayan haka aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas na takalmi a bakin shago, labule ya ɗaga, Sista ta shigo da kofin shayinta a hannu da abin awon jini rataye a wuya.

Sista ma'aikaciyar jinya ce, yayar Maigida, uwa ɗaya uba ɗaya. Wata uku da suka wuce aka dawo da ita asibitin da ke jikin shagon, kuma tun daga ranar, duk hutun shayinta a kan kujerar ƙanenta take yin sa. Babu magidancin da ke layin nan da bai taɓa hawa sikelinta ba, babu kuma wanda ya sauko da mutuncinsa cikakke. Ba ta zagi. Kallon cikin mutum kawai take yi ta saman tabarau, ta ce, "Hmm. Wata nawa?"

"Sannunku," in ji Sista. "A'a, Direba, kai ne?"

"Ni ne, Sista. Ina kwana, Sista." Muryarsa ta fito siririya kamar ta wani. Ƙirjinsa ya taso, kafaɗu suka buɗe, wuya ya miƙe. Tef ɗin da ke ɗame a ƙugunsa ya saki, ya zame, ya sauko har cinya.

"Ɗana, ja tef ɗin ka karanta mana," in ji Malama.

Maigida ya ja. Ya duba. Ya sake dubawa. "Arba'in," ya ce, shi ma da ƙyar, domin nasa cikin ya shige tun da ya ji ƙarar takalmi, har wandon da ya addabe shi kwana uku ya zauna masa daidai.

Baba ya buɗe littafi, ya lashi yatsa, ya juya shafi cikin natsuwa. "Maigida, naka wandon, ni na auna ka da kaina. Sha ɗaya da minti biyar. Na rubuta a gefe: 'Sista na nan, yana ta gumi.'"

Masu keke suka ruga ɗakin baya, aka jiyo su suna dukan bango. Direba ya kai iyakar ƙoƙarinsa, fuskarsa ta yi jawur, numfashin ya ƙwace masa da ƙara kamar tayar da ta taka ƙusa. Tumbin ya dawo mazauninsa, tef ya suɓuce daga hannun Maigida.

Sista ta kurɓi shayi. "Hmm," ta ce. "Ni dama ina ta mamaki. A shagon nan kowa siriri, a kan sikeli kuma sai a ce sikelin ne ya lalace."

"Yaya, kin kusa sa na kori Baba!"

"Ni na ce ku daina numfashi? Ku rage tsiren yamma, ba numfashi ba."

Maigida ya juyo wajen Baba. Ya yi ƙoƙarin durƙusawa, wannan karon da gaske, sai aka ji ɗinki ya ce ɓarrr daga baya. Ya ƙarasa durƙuson tunda abin da ake tsoro ya riga ya faru.

"Baba, ka yafe mini. Almakashi naka ne har ranar da ka ce ka gaji."

"Tashi, Maigida, tashi. Amma ka juya wa bango baya."

Baba ya ɗauki almakashinsa ya sa yatsa a mariƙin, ya ji ya zauna inda ya saba. Zuciyarsa ta yi fari. Har ya kai hannu zai share teburin, sai idonsa ya faɗa kan jajayen nan uku da ke can cikin yamma, su kaɗai a tsakiyar farare. Da a littafi suke, da ba wanda zai ƙara tunawa da su. A kan tebur kuwa sun tsaya suna kallonsa.

Ya nemo su. Na farko mutumin da ya yi tafiyar wata biyu ya dawo da ƙiba. Na biyu ya zo da surukinsa, wannan ma ba sai an tambaya ba. Na uku kuwa, Baba ya kai littafin nesa da fuska, ya dawo da shi kusa, ya karkata shi wajen haske.

"Malama, wannan talatin da takwas ne ko talatin da uku?"

"Takwas."

"Uku na yanka."

Baba ya ɗauki jan maɓallin ya jujjuya shi a tafin hannu.

"Ɗaya cikin ɗari da arba'in," in ji Maigida da sauri. "Baba, wannan ba komai ba ne."

"Nawa ne dai," in ji Baba. Ya jefa maɓallin a aljihun gaba. "Sista, a wajenku ana gwada ido?"

"Ranar Litinin. Ka zo da wuri." Ta dube shi ta saman tabarau, daga fuska zuwa ƙasa. "Sikeli ma yana nan kusa da ƙofa."

Sai a lokacin Baba ya lura tun shigowarta bai saki numfashi sosai ba, shi da duk tsawon rayuwarsa ake ce masa sanda saboda siranta.

Kafin a rufe shago ranar, ya hau kujera da jan fenti, Malama na riƙe masa ƙafar kujerar, ya shafa ɗan yanki a gilashin agogon bango, daga sha ɗaya zuwa sha ɗaya da rabi. Bai rubuta komai a kai ba. Duk lokacin da gajeren hannun agogo ya shiga ja, Maigida sai ya rataye tef a ƙusa, mai jiran awo ya zauna a benci, ciki a ɗame, yana gaida Sista da 'yar siririyar murya har ta shanye shayinta.